Yadda Ake Ɗinka Bargo Mai Ciko a Keke Ba Tare da Ya Tattare Ba

Da zarar an kawar da amfanin gona, sanyi ya fara saukowa, aikin teloli a Zandam da Sara da Gwaram har zuwa Birnin Kudu yakan sauya kama. Lokacin bukukuwa ne, iyayen amare na haɗa kayan ɗaki, hunturun Disamba da Janairu kuma na sa kowa neman abin rufa mai kauri. Cikin abin da ake kawo wa tela akwai bargo mai ciko, da shimfiɗar gado mai tudu-tudu, da shimfiɗar jariri, da abin sallah mai laushi. Duka gininsu ɗaya ne: fuska a sama, ciko a tsakiya, shafi a ƙasa, sai a bi su da layukan ɗinki har hawa ukun su zama abu guda.

Wanda ya saba da riga da wando yakan raina aikin, tunda layi ne miƙaƙƙe kawai. Sai ya gama ya juya bayan bargon ya tarar shafi ya tattare, nan ninki, can ƙullutu, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Mai kaya kuwa bayan take fara dubawa. Akan ɗora wa keke laifi, amma mafi yawan tattarewa a ƙasa ake haifar da ita, wurin shimfiɗawa da riƙe hawa ukun, tun ƙafa ba ta taɓa feda ba. Tun ran gini tun ran zane.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce a wannan yanki, wanda yake cikin tsohuwar Jihar Kano har zuwa 1991 da aka ƙirƙiro Jigawa. Tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi tare da kwalkwali da sulke. Lifidi kuwa ba komai ba ne illa yadi biyu da ciko a tsakani, kuma har gobe ana ganinsa jikin dawakai a hawan sallah. Bambancinsa da aikin keke kawai, mai ɗinkin hannu yana jin kowane hawa da yatsunsa, duk inda ya goce sai ya mayar da shi. Keke ba ya jin komai. Abin da aka miƙa masa shi zai ɗinke.

Abin da ke kawo tattarewa

A ƙarƙashin allura akwai haƙoran keke, su ne ke jan yadi zuwa baya. A sama akwai ƙafar da ke danne yadi, ita ba ta ja, dannewa kawai take yi. Idan yadi biyu ne marasa kauri, bambancin ba ya fitowa. Amma da an sa ciko a tsakani, haƙora na jan shafi, ƙafa na tokare fuska, ciko kuma na zamewa a tsakiya. Kowane taku sai fuska ta ɗan rage a baya. A inci 5 ba a ganin komai, a inci 90 kuwa ragowar ta taru ta zama tudu a gaban ƙafa, da ta iske wani layi da aka riga aka ɗinka sai ta rasa wurin zuwa, ta ninke, allura ta bi ta kai.

Sauran dalilan sun haɗa da shafin da aka shimfiɗa sako-sako, ko wanda aka ja ya wuce kima, da yadin da bai gama shan ruwa ba, da zaren da aka ɗaure tamau, da nauyin bargon da ke rinjayar allura. Kowanne da maganinsa, kuma a jere suke.

Zaɓen kaya da shirya su

A fara da wanki. Yadin auduga yakan tsuke da kashi 3 zuwa 5 cikin 100 a wankin farko. Bargon gado mai ƙafa 6 da 6 yakan kai inci 90 kowane gefe, ke nan tsukewar kashi 3 kaɗai ta kusa cin inci 3. Idan fuska atamfa ce ta auduga, shafi kuma yadin roba ne da ba ya tsukewa, bargon zai fita shago lafiya lau, ranar da aka wanke shi ya dawo a yamutse. Don haka a jiƙa fuska da shafi, a wanke, a shanya, a goge. Wankin yana kuma fitar da rinin da zai iya zuba. Mai sayen kaya a Kantin Kwari ta Kano ya yi ƙoƙari ya haɗa fuska da shafi masu kusan nauyi ɗaya da irin zare ɗaya. Yadi mai santsi da sheƙi yana da kyau a ido, amma ya fi kowane zamewa, bai dace da mai koyo ba.

Faɗin atamfa bai kai na gado ba, dole a haɗa ƙyalle biyu ko uku. Kafin a haɗa, a yanke bakin nan mai tauri da ke ɗauke da sunan kamfani, domin saƙarsa ta fi ta jikin yadi matsewa, kuma idan aka bar shi zai riƙa jan layin haɗin. A buɗe haɗin da dutsen guga ya kwanta. Ɗan sitaci a jikin shafi yana taimakawa ƙwarai, yana sa shi ya tsaya ya daina noƙewa ƙarƙashin keke.

Ciko iri-iri ne. Faiba ta roba wadda ake sayarwa a naɗe ita aka fi samu. Ba ta da nauyi, tana saurin bushewa, amma mai kauri sosai tana wahalar da ƙaramin keke, gara a fara da marar kauri. A warware ta a bar ta ta kwana a shimfiɗe don ninkin naɗi ya saki. Kada a ɗora mata dutsen guga mai zafi, narkewa za ta yi. Tsohon bargo da aka wanke shi ma ciko ne mai kyau, ba ya zamewa kamar faiba. Audugar gona da aka gurje aka shiɓe tana da ɗumi, sai dai tana buƙatar layuka kusa da juna, tazarar da ba ta wuce inci 2 ba, in ba haka ba za ta dunƙule a wanki. Audugar rimi kuwa, irin ta lifidi da matashin kai, santsi gare ta, ba ta kwanciya shimfiɗa ɗaya. Ita ana fara ɗinka layuka ne a yadi biyu, sannan a ɗura ta a kowane rami da sanda, a rufe baki.

Wurin yanka, shafi da ciko su ɗara fuska da inci 3 zuwa 4 a kowane gefe. Ɗinki yana cin yadi, kuma wannan rarar ita ce abin riƙewa idan an zo baki. A ja layukan ado a kan fuska tun yanzu, da alli ko guntun sabulu idan yadin mai duhu ne, tun tana kwance ita kaɗai.

Shimfiɗawa: nan aikin yake

A nemi daɓen siminti mai laushi, a share, a goge da tsumma, a bari ya bushe. Tabarma da leda ba su dace ba, suna motsi tare da yadi. A shimfiɗa shafi, fuskarsa tana kallon ƙasa. Daga tsakiya a riƙa shafawa da tafin hannu zuwa gefe har ya kwanta. Sai a kafe shi da salatef na takarda ko a danne bakinsa da bulo da aka naɗe da tsumma: tsakiyar gefe ɗaya, tsakiyar gefen da ke fuskantarsa, sannan sauran biyun, kusurwoyi a ƙarshe.

Nan ne ake yawan kuskure ta fuska biyu. Shafin da aka bari sako-sako zai ninke a baya. Wanda aka ja kamar fatar kalangu kuma, da an sake shi zai koma yadda yake, ya tattaro fuska da ciko tare da shi. Abin da ake so shi ne ya kwanta sumul ba tare da an miƙar da shi ba. Gwajinsa mai sauƙi ne: a ja tafin hannu a kansa. Idan yadi ya taru a gaban hannu, bai kafu ba. Idan zanen jikinsa ya karkace ko baki ya lanƙwasa tsakanin bulo da bulo, an ja da yawa.

A ɗora ciko a tsakiya a baje shi da hannu, ba ja. A ɗora fuska, a daidaita tsakiyarta da tsakiyar shafi, a shafa daga tsakiya zuwa waje. Aikin ya fi daɗi da mutum biyu, ɗaya a kowane gefe.

Ɗinkin riƙo

Yanzu sai a riƙe hawa ukun tun suna ƙasa. Hanya mafi arha ita ce zare da doguwar allura. A yi amfani da farin zare ko mai haske, kada mai launi ya bar shaida. A fara daga tsakiya a yi dogayen taku, kowane kamar inci 1 zuwa 2, a nufi gefe, a dawo tsakiya a nufi ɗaya gefen, sannan sama da ƙasa. Daga nan a cika sauran da layuka a tsaye da a kwance, tazararsu inci 4, wato kusan faɗin tafin hannu. Tunda ba a son ɗaga bargon, a riƙe cokali a hannun hagu, a riƙa tarar bakin allura da shi idan ta ɓullo. Lanƙwasasshiyar allura irin ta masu katifa ta fi sauƙi.

Mai fil mai kulle da yawa yana iya amfani da shi maimakon zare, fil ɗaya a kowane inci 4. Babban bargo zai ci ɗaruruwa. A guji sa shi a kan layin alli, a kuma tabbatar ba mai tsatsa ba ne. Fil marar kulle bai dace ba, zai zame, zai kuma soki hannu.

Ƙa'idar ita ce: duk inda aka aza tafin hannu a jikin bargon, ya taɓa zare ko fil. Idan an gama, a cire bulo, a juya bargon a duba baya. Duk ninkin da aka gani yanzu, a warware wurin a gyara. Wannan mataki yana iya cin rabin yini, shi ya sa ake tsallake shi, shi ya sa kuma ake farke ɗinki daga baya.

Saita keke

Kekunan feda baƙaƙe irin su Butterfly, waɗanda aka ƙera a kan fasalin tsohon Singer, suna yin wannan aiki sarai idan an saita su. A fara da shara. Ƙurar hunturu da gashin yadi sukan cushe tsakanin haƙora har su kasa kama yadi. A cire farantin ƙarƙashin allura, a share da tsohon buroshi, a ɗiga mai, a ɗinka tsumma har man ya daina fitowa.

A sa sabuwar allura, lamba 14 ga bargo marar kauri, lamba 16 ga mai kauri. Dakusasshiyar allura tana tura yadi cikin rami maimakon ta huda shi. Zaren sama da na kwarkwaro su zama iri ɗaya. A zura zare ƙafa tana ɗage, domin a lokacin ne faifan da ke matse zare suke buɗe.

A tsawaita taku. Ɗinkin riga yakan kai taku 12 a inci ɗaya, na bargo kuwa 8 zuwa 10 ya isa, wato kamar milimita 3, a ƙara kaɗan idan ciko na da kauri. Gajeren taku yana matse hawa ukun ya tattare su, kuma farke shi azaba ne.

A rage dannin ƙafa. A saman kan keke, daidai bisa sandar da ke riƙe da ƙafar, akwai sukuru da ake murɗawa. A sassauta shi kaɗan kaɗan har ƙafar ta daina tura tudu a gabanta, amma ba har yadi ya riƙa zamewa ko taku ya riƙa tsallake ba. Teloli da yawa ba su taɓa taɓa wannan sukurun ba tun da suka sayi keke, alhali shi ne rabin maganin.

Sai ɗaurin zare. A haɗa ɗan gwaji daga ragowar fuska da ciko da shafi, kamar inci 12 kowane gefe, a ɗinka layuka masu gicciye juna. Idan zaren ƙasa yana leƙowa a sama, ko layin ya tsuke yadi, zaren sama ya ɗaure da yawa, a sassauta. Idan zaren sama yana yin zobe a baya, ya yi sako-sako, a ƙara matsewa. Sukurun ƙoshiya ba a taɓa shi sai an rasa yadda za a yi, shi ma ɗan murɗi kaɗan.

Akwai ƙafa ta musamman mai nata haƙoran, wadda ke jan fuska daga sama daidai lokacin da haƙoran keke ke jan shafi daga ƙasa. Tana da hannu da ke hawa kan sukurun allura. Mai son sayenta ya tafi da kekensa ko tsohuwar ƙafarsa a gwada, don ba kowace ke shiga kowane keke ba. Manyan kekunan wuta ma iri biyu ne. Juki DDL-8700, na ɗinkin tufafi, daga ƙasa kaɗai yake ja, saurinsa kuma yana ƙara tattarewa idan ba a yi riƙo sosai ba. Irin su Juki DU-1181N, da masu kujeru da jakunkuna ke amfani da su, suna ja sama da ƙasa. Mai niyyar mayar da bargo sana'arsa, wannan ne keken da zai yi wa tanadi.

Kan keke

Nauyin bargo abokin gaba ne. Idan ya zubo daga tebur yana lilo, zai riƙa jan allura gefe, taku ya ƙanƙance, layi ya karkace. A jingina tebur a bayan keke, a sa wani ko benci mai tsayi a hagu, duk bargon ya samu wurin kwanciya. Tsakanin allura da jikin keke akwai kimanin inci 7 kacal, don haka a naɗe ɓangaren dama ya shige ta nan, ragowar gaba kuma a ɗora a cinya ko kafaɗa.

Layin farko shi ne na tsakiya, daga sama har ƙasa. Na biyu shi ne na tsakiya a kwance. Waɗannan sun raba bargon gida huɗu sun kafe shi. Daga nan a ci gaba daga tsakiya zuwa dama, ana warware naɗin, kowane layi yana farawa daga gefen da na kusa da shi ya fara. Idan aka je aka dawo, layi ɗaya ya ja fuska gaba, na kusa da shi ya ja ta baya, sai tsakaninsu ya murɗe. In an gama rabi, a juya bargon a yi ɗaya rabin, shi ma daga tsakiya. Ya fi kyau a fara da layuka masu nisa da juna a duk faɗin bargon, sannan a dawo a cike tsakani.

A aza tafin hannu biyu, ɗaya a kowane gefen allura, a ɗan buɗa yadin ya kwanta. Abin da maigida ke yawan gaya wa yaron shago shi ne: "Kai, kada ka ja, bar keke ya ci da kansa." Jan bargo ta baya yana miƙar da yadi, yana lanƙwasa allura, wani lokaci ya karya ta. A taka feda a hankali, taki ɗaya. Duk lokacin da za a tsaya gyara zama, a juya wili da hannu allura ta nutse cikin yadi tukuna. Zaren riƙo ko fil kuma sai an zo dab da shi ake cirewa.

Mahaɗar layuka ita ce wurin hatsari. Idan saura inci 2 a iske layin da aka riga aka ɗinka, a duba gaban ƙafa. In an ga ɗan tudu, a tsaya allura a ƙasa, a ɗaga ƙafa, a baje tudun, a sauke, sannan a riƙa tura fuskar ƙarƙashin ƙafa kaɗan kaɗan da bakin tsinke, ragowar ta rabu a taku da yawa maimakon ta taru wuri ɗaya. Bayan kowane layi biyu ko uku, a zura hannu ƙarƙashi a shafa shafi.

Adon layukan da ke tafiya a karkace, mai fitar da gidan dara a jirkice, yana da farin jini a kayan amare, amma yadi ya fi miƙewa ta wannan fuska. Mai son sa ya ƙara yawan riƙo, ya rage gudu. A kuma raba ɗinki daidai ko'ina. Idan tsakiya ta sha layuka a matse, baki kuma aka bar shi fili, tsakiyar za ta tsuke, bakin ya yi ta lilo.

Rufe baki da gyaran ɓarna

Idan an gama layuka, a zagaye bakin bargon da ɗinki ɗaya, rubu'in inci daga bakin fuska, kafin a yanke rarar ciko da shafi. A shimfiɗa shi a ƙasa a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ta fuska biyu. In awon ya zo ɗaya, bargon ya daidaita. Ƙyallen da za a naɗe baki da shi a yanka shi bisa awon tsakiyar bargon, ba na gefe ba, domin gefe yakan ɗan miƙe, kuma kada a ja shi wurin ɗinkawa.

In an tarar da ninki, ba sai an farke layin duka ba. A farke inci 4 zuwa 6 gaba da bayan wurin, a baje ragowar yadin a wannan tsawon, a riƙe da zaren hannu, a sake bi a hankali, a ɗaure bakin zare. In ninkin yana maimaituwa a baya, shimfiɗa ce ba ta yi ba. In a fuska yake, dab da mahaɗa, dannin ƙafa ne ya yi yawa. In kowane layi ya tsuke daga farko har ƙarshe, zare ne ko gajeren taku.

A kuma bambance ninki da ɗan yamutsin da ke bin layi ko'ina daidai wa daida. Wannan na biyun ba aibi ba ne, shi ke ba bargo kyansa. A Bangaladash da gabashin Indiya, matan da ke ɗinka bargon kantha daga tsofaffin tufafi da gangan suke fito da shi. Abin ƙi shi ne yadin da ya hau kan ɗan'uwansa allura ta ɗinke.

Mai koyo ya fara da abin sallah ko shimfiɗar jariri, inda hannu zai saba ba tare da an yi asarar yadi mai yawa ba. Wurin yanka kuɗin aiki kuma, a lissafa wanki da guga da rabin yinin riƙo, don su ma aiki ne, kuma telan da bai sa su a farashi ba shi ne zai fara tsallake su. In za a miƙa kaya, a gaya wa mai shi: "Hajiya, a wanke da ruwan sanyi, kada a murɗe wurin matsewa, a shanya shi a kwance ko a kan igiya biyu, dutsen guga mai zafi kuma kada ya hau shi."